Ƙaramar girgizar ƙasa da shirin iyali

Ƙaramar girgizar ƙasa ita ce jijjigar da mutane ke ji a cikin gidajensu na ɗan lokaci, wadda yawanci ba ta rushe gini mai inganci. Masana kan sanya girgizar da girmanta ya kama daga maki 3.0 zuwa 3.9 a rukunin ƙanana, wadda ta kama daga 4.0 zuwa 4.9 kuma a rukunin masu sauƙi. Irin wannan girgiza kan motsa ƙofofi da tagogi, ta kaɗa kwanuka, ta tayar da mai barci, wani lokaci ta tsaga bango. Shirin iyali kuwa shi ne matakan da mutanen gida ɗaya ke ɗauka tun kafin girgiza ta auku: gyara kayan ɗaki, tanadin ruwa da abinci, sanin abin yi a lokacin jijjiga, da amincewa kan wurin haɗuwa idan aka rabu.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana samun girgizar ƙasa kusan 500,000 a duniya kowace shekara waɗanda na'urori ke iya ganowa. Kusan 100,000 daga cikinsu ne mutane ke ji, kuma kusan 100 ne kawai ke yin ɓarna. Saboda haka mafi yawan mutanen da suka taɓa jin girgizar ƙasa a rayuwarsu ƙarama suka ji, kuma hukumomin agaji kan ɗauke ta a matsayin damar da iyali zai gwada shirinsa ba tare da asara mai yawa ba.

Yadda take aukuwa

Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faranta na dutse waɗanda ke motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. A inda duwatsu suka tsage, ɓangarorin biyu na tsagar kan maƙale da juna, ƙarfi yana taruwa a tsakaninsu na tsawon shekaru. Idan ƙarfin ya rinjayi maƙalewar, sai dutsen ya zame farat ɗaya, ƙarfin da ya taru ya bazu ta ko'ina a matsayin igiyoyin jijjiga. Wurin da zamewar ta fara a ƙarƙashin ƙasa shi ne tushen girgizar, wurin da ke daidai samansa a doron ƙasa kuma shi ake kira cibiyarta.

Igiyoyin da ke fara isowa su ne waɗanda masana ke kira igiyoyin P. Suna gudun kilomita 5 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya a cikin dutse, kuma mutum kan ji su kamar bugu ɗaya ko rugugi. Igiyoyin S na biye da su da gudun da bai kai nasu ba, su ne ke kaɗa gini gefe da gefe. Wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke cewa sun fara jin ƙara kafin ƙasa ta motsa. Idan tushen girgizar yana kusa kuma ba shi da zurfi, ƙarar kan yi kama da fashewar nakiya.

Mafi yawan girgizar ƙasa na aukuwa ne a bakin faranta, kamar kewayen tekun Pasifik, Turkiyya, Iran da gabashin Afirka. Amma akwai tsofaffin tsagogi a tsakiyar faranta waɗanda kan motsa jefi-jefi, irin waɗanda ake samu a yammacin Afirka. Ayyukan ɗan Adam ma na iya jawo ƙananan girgiza. A lardin Groningen na ƙasar Holand, haƙar iskar gas ta jawo jerin girgiza, mafi girma a cikinsu mai maki 3.6 a ƙauyen Huizinge a watan Agustan 2012. Duk da ƙanƙantarsu, sun tsattsage dubban gidaje, har gwamnati ta dakatar da haƙar gas a filin a shekarar 2023.

Girma da ƙarfin jijjiga

Akwai ma'auni iri biyu da ake yawan rikitawa. Na farko shi ne girman girgizar, wato yawan ƙarfin da ya fito daga tushenta, kuma lamba ɗaya ce ga kowace girgiza. Charles Richter ne ya ƙirƙiro ma'aunin farko a shekarar 1935 a jihar Kalifoniya. A shekarar 1979 Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka fito da wani sabon ma'auni wanda ya fi dacewa da manyan girgiza, kuma shi ne akasarin hukumomi ke amfani da shi a yau, ko da yake kafafen yaɗa labarai na ci gaba da ambaton sunan Richter. A kan wannan ma'auni, ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da ya fito ya ninka kusan sau 32. Girgiza mai maki 6 ta fi mai maki 4 ƙarfi kusan sau 1,000.

Na biyu shi ne ƙarfin jijjigar da aka ji a wani wuri, wanda ke bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Ana auna shi da ma'aunin Mercalli, wanda masanin Italiya Giuseppe Mercalli ya tsara a 1902, aka yi masa gyara a Amurka a 1931. Yana da mataki 12 da ake rubutawa da lambobin Romawa. Matakan da suka shafi ƙaramar girgiza su ne:

Mataki na II: mutane ƙalilan ne ke ji, musamman waɗanda ke zaune shiru a saman bene.
Mataki na III: ana ji a cikin ɗaki kamar wucewar babbar mota, da yawa ba sa gane girgizar ƙasa ce.
Mataki na IV: kwanuka, tagogi da ƙofofi na kaɗawa, bango na ƙara, wasu masu barci na farkawa.
Mataki na V: kusan kowa na ji, wasu kayan tangaran na fashewa, abubuwan da ba su zauna daram ba na faɗuwa.
Mataki na VI: kowa na ji, kayan ɗaki masu nauyi na gusawa, filasta na zubowa.

Abubuwa uku ne suka fi tasiri kan yadda gida zai ji jijjiga: nisansa daga cibiyar girgizar, zurfin tushenta, da irin ƙasar da aka yi ginin a kai. Gidan da ke kan fadama, yashi ko ƙasar da aka cike ya fi jijjiga a kan wanda ke kan dutse. Haka kuma mazauna hawa na sama sun fi na ƙasa jin kaɗawa. Shi ya sa maƙwabta biyu kan ba da labari daban game da girgiza ɗaya.

Abin da ake ji a cikin gida

Ƙaramar girgiza ba ta cika wuce daƙiƙoƙi kaɗan ba. Alamomin da aka fi ambata sun haɗa da lilon fankar sama da fitilun da ke rataye, motsin ruwa a cikin bokiti ko randa, ƙarar kwanon rufi, da zubowar ƙura daga silin. Wanda ke tafiya a waje ko yake cikin mota sau da yawa ba ya jin komai. Karnuka da tsuntsaye kan firgita daƙiƙoƙi kaɗan kafin mutane su ankara, domin suna jin igiyoyin P waɗanda ba kowane mutum ke lura da su ba.

Wasu mutane kan ci gaba da jin jiri ko jin kamar ƙasa na motsi bayan girgizar ta wuce. Likitoci a Japan sun san wannan yanayi, kuma yawanci yana gushewa da kansa. Yara kan yi fama da tsoron kwana su kaɗai na 'yan kwanaki. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na ba da shawarar a yi musu bayanin abin da ya faru da kalmomi masu sauƙi, a kuma ba su wani aiki a cikin shirin gida, kamar riƙe tocila ko ƙirga 'yan gida a wurin haɗuwa.

Haɗarin da ke tattare da ita

Raunin da ake samu a ƙaramar girgiza yawanci yana zuwa ne daga kayan da suka faɗo, gilashin da ya fashe, da faɗuwar mutane yayin gudu. Kabad mai tsawo, talabijin, madubi da jeren kwanuka a kan kanta duk na iya rikitowa a jijjigar da ba ta isa ta taɓa ginin ba. Gudu a kan matakala cikin duhu, ko tsalle ta taga saboda firgici, ya sha jawo karaya a girgizar da ba ta rushe komai ba.

Girgiza mai matsakaicin girma ma na iya kisa idan tushenta ba shi da zurfi. A ranar 11 ga Mayun 2011 girgiza mai maki 5.1 ta auka wa garin Lorca na ƙasar Sifaniya, mutum 9 suka mutu. Akasarinsu a kan titi suke, ɓaraguzan da suka ɓalle daga saman gine-gine suka faɗo musu. Kusan sa'o'i biyu kafin nan an yi wata ƙarama mai maki 4.5 a garin.

Lamarin Lorca ya nuna wani haɗarin: ƙaramar girgiza kan zama share fagen babba. Ƙididdigar masana ta nuna cewa kusan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na girgizar ƙasa ne wata da ta fi su girma ke biyo bayansu a kusa cikin 'yan kwanaki. Babu wata hanya da za a gane girgizar share fage sai bayan babbar ta auku. Abin da aka fi gani shi ne ƙananan jijjiga masu biyo baya, waɗanda yawansu ke raguwa da tafiyar lokaci, kamar yadda masanin Japan Fusakichi Omori ya bayyana a 1894.

Gobara ma na cikin manyan haɗura. Girgizar Kanto ta ranar 1 ga Satumban 1923 ta auku dab da tsakar rana lokacin da ake girki, kuma wutar da ta tashi ce ta kashe mafi yawan mutum fiye da 100,000 da suka mutu a Tokyo da Yokohama. A gidan da ake amfani da tukunyar gas, risho ko kyandir, jijjiga kaɗan ta isa ta kifar da su.

A Najeriya da Ghana

Najeriya na nesa da bakin faranta, amma an sha jin ƙananan girgiza a cikinta. An ji girgizar Accra ta 1939 a wasu garuruwan kudu maso yamma, an kuma ji wata a yankin Ijebu-Ode a 1984. A watan Satumban 2016 jijjiga ta auku a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, inda bangayen wasu gidaje suka tsage, mutane da dama suka bar ɗakunansu. Daga 5 zuwa 7 ga Satumban 2018 mazauna Mpape da wasu sassan Maitama a Abuja sun ji jijjiga sau da dama, lamarin da ya sa hukumomin birnin suka dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. An sake jin jijjiga a Mpape a watan Satumban 2024. Masana na danganta wasu daga cikin waɗannan girgiza da tsofaffin tsagogin dutse, ciki har da wadda ta taso daga Ifewara a kudu maso yamma zuwa Zungeru a jihar Neja.

Cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa tana garin Toro na jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Hukumar binciken ma'adinai da yanayin ƙasa, NGSA, ita ma tana da na'urorin auna girgiza. Aikin agaji na hannun hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, tare da takwarorinta na jihohi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Birnin Accra, inda Hausawa da yawa ke zaune a unguwanni irin su Nima da Sabon Zango, ya fi kowane babban birni a yammacin Afirka tarihin girgiza. An yi babba a 1862, sannan ta ranar 22 ga Yunin 1939 ta kashe mutum 17, ta raunata 133. An ji ƙanana a watan Disambar 2018, Yunin 2020 da Disambar 2022, musamman a yankunan Weija, Gbawe da McCarthy Hill da ke yammacin birnin. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ita ce NADMO. A ƙasar Gini kuma, girgizar watan Disambar 1983 a arewa maso yammacin ƙasar ta kashe ɗaruruwan mutane, abin da ya nuna cewa yankin ba ƙanana kaɗai yake iya samu ba.

Shiri kafin girgiza

Gyaran gida. Matakin farko shi ne a zagaya ɗaki-ɗaki a duba abin da zai iya faɗowa. Ana ɗaure kabad da kanta masu tsawo a jikin bango da ƙarfe ko igiya mai ƙarfi. Kaya masu nauyi da masu fashewa ana mayar da su ƙasa. Ba a rataye madubi, agogo ko hoto mai gilashi a saman gado, kuma ana janye gadon daga jikin taga. Tukunyar gas tana bukatar wuri mai iska inda ba za ta kife ba, kuma kowane babba a gidan ya san yadda ake rufe ta da yadda ake kashe wutar lantarki daga babban makunni. Fetur da kananzir ana ajiye su nesa da ɗakin kwana da madafa. Tankin ruwa da ke kan hasumiya ko rufi na bukatar a duba ƙafafunsa da ɗaurinsa, domin tanki mai lita 1,000 idan ya cika nauyinsa ya kai tan ɗaya. Hanyar fita, har da zaure da ƙofar baya, ana barin ta ba tare da tarkace ba, makullin ƙofar ƙarfe kuma a wurin da kowa ya sani.

Ingancin gini. Ginin ƙasa mai rufin soro da ginin bulo marar ginshiƙan ƙarfe su ne suka fi rauni a gaban jijjiga. A garin Bam na Iran, inda akasarin gidaje na tubalin laka ne, girgiza mai maki 6.6 ta kashe fiye da mutum 26,000 a watan Disambar 2003. Gyaran tsagar bango kafin damina, sauya azarar da gara ta ci, rage nauyin ƙasar rufi, da zuba kankare mai ƙarfe da ya zagaye ginin a saman ƙofofi da tagogi duk suna ƙara wa gida juriya. Ƙarin hawa a kan ginin da ba a yi harsashinsa don bene ba na daga cikin abubuwan da injiniyoyi suka fi gargaɗi a kai.

Kayan gaggawa. Hukumomin agaji a Amurka na ba da shawarar tanadin kusan lita 4 na ruwa ga kowane mutum a rana, a Japan kuma lita 3 na sha da girki, na aƙalla kwana uku. Iyali mai mutum shida ke nan na bukatar lita 54 zuwa 72, wato jarka uku ko huɗu masu lita 20. A ƙasa mai zafi bukatar ta fi haka. Sauran kayan sun haɗa da:

abincin da ba ya bukatar girki kuma ba ya saurin lalacewa, kamar garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino da biskit;
tocila da batir, da rediyo mai batir;
na'urar adana caji da wayar caji;
akwatin taimakon farko mai bandeji, auduga, maganin wanke ciwo da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa;
magungunan masu ciwon suga, hawan jini ko asma na aƙalla mako guda;
kayan jarirai da audugar mata;
usur, domin wanda gini ya danne ya sanar da inda yake ba tare da ya gaji da ihu ba;
kwafin katin shaida, takardun haihuwa, na makaranta da na fili a cikin leda;
tsabar kuɗi kaɗan, domin na'urorin cirar kuɗi na tsayawa idan babu wuta ko sabis.

Ana haɗa waɗannan a jaka ɗaya kusa da ƙofa, a riƙa duba su duk wata shida don sauya ruwa, abinci da batir. Ajiye takalmi da tocila a gefen gado na kare ƙafa daga gilashi idan girgiza ta zo da dare.

Tsarin sadarwa. Girgiza na iya zuwa lokacin da maigida yana kasuwa, uwargida tana wurin aiki, yara suna makaranta. Don haka iyali kan amince kan wurin haɗuwa biyu: ɗaya a fili kusa da gida, ɗaya a wajen unguwa idan ba a iya komawa gida. Ana kuma zaɓar ɗan'uwa ɗaya a wani gari wanda kowa zai sanar da shi halin da yake ciki. Bayan girgiza layukan waya kan cunkushe, kuma gajeren saƙo ya fi kira saurin wucewa. Yara na haddace lambar iyayensu, ko a rubuta musu a cikin jakar makaranta. A gidan da ke da tsoho, mai ciki, majinyaci ko mai bukata ta musamman, ana sanya wa kowannensu mutum ɗaya da zai kula da shi, da wani na biyu idan na farkon ba ya nan.

Lokacin girgiza

Shawarar da akasarin hukumomin agaji na duniya suka amince da ita tana da mataki uku. Mutum ya durƙusa a kan gwiwoyi da hannaye kafin jijjiga ta kayar da shi. Ya shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ko ya raɓa jikin bangon ciki nesa da taga, ya kare kai da wuya da hannu. Ya riƙe ƙafar teburin har jijjigar ta tsaya. Wanda ke kan gado ya zauna a kai, ya kife, ya rufe kansa da matashi. Mai keken guragu ya kulle tayoyin, ya kare kansa. Mai goyo ko riƙe da jariri ya rungume shi a ƙirji ya durƙusa a kansa.

Ba a amfani da na'urar hawa bene, ba a kuma rugawa matakala yayin da gini ke motsi. Tsayawa a bakin ƙofa tsohuwar shawara ce da aka daina bayarwa, domin a ginin zamani bakin ƙofa bai fi sauran ɗakin ƙarfi ba. Mai girki ya kashe wuta idan tana dab da hannunsa, idan kuma da nisa ya bari sai jijjigar ta lafa, saboda tafasasshen ruwa da mai sun fi haɗari a lokacin.

Akwai togiya ɗaya da masana suka yi. Wanda ke cikin ɗakin ƙasa mai rufi mai nauyi, a hawa na ƙasa, kuma ƙofa na kusa da shi tana buɗewa zuwa fili, zai fi masa alheri ya fita da sauri yana kare kansa, domin irin wannan rufi kan rufto gaba ɗaya. A gidan gargajiya tsakar gida na iya zama mafaka idan tana da faɗi, muddin an nisanci katanga, rumbu da bakin rijiya.

Wanda girgiza ta samu a waje ya tsaya a wajen, ya matsa daga jikin gine-gine, katanga, turakun lantarki da allunan talla. Direba ya gangara gefen hanya ya tsaya, nesa da gada da wayoyin wuta, ya zauna cikin motar. A bakin teku, jijjiga mai ƙarfi ko mai tsawo alama ce ta a hau tudu nan take saboda igiyar tsunami.

Bayan girgiza

Da zarar jijjiga ta tsaya, ana fara duba mutane: a ƙirga 'yan gida, a tsayar da jini, kada a motsa wanda ake zaton ya ji ciwo a wuya ko baya sai idan wurin na da haɗari. Idan an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, a fita, kada a kunna ashana ko makunnin lantarki. Da dare tocila ake amfani da ita, ba kyandir ko fitilar kananzir ba.

Daga nan sai duba ginin. Siririyar tsaga a filasta ba ta cika zama matsala ba. Tsagar da ta ratsa bango a karkace, wadda ta bayyana a ginshiƙi ko dogarin rufi, bangon da ya karkata ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, da ƙofar da ta daina rufuwa, duk alamu ne na a fita har sai injiniya ya duba. Ɗaukar hoton tsagar da sanya mata alama da kwanan wata na taimakawa a gane ko tana ƙaruwa. Ana buɗe kabad a hankali domin kayan ciki sun iya jingina da ƙofar.

Maƙwabta na da muhimmanci a wannan lokaci. A girgizar Kobe ta ranar 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe fiye da mutum 6,000, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai 'yan'uwa da maƙwabta ne suka ceto su kafin jami'ai su iso. Tun daga lokacin Japan ta ƙara ƙarfafa ƙungiyoyin agaji na unguwa-unguwa.

Jita-jita da gargaɗin gaggawa

Har yanzu babu masanin da ya iya faɗin rana, wuri da girman girgizar ƙasa kafin ta auku. Abin da kimiyya ke iya yi shi ne ƙiyasin yiwuwar aukuwarta a wani yanki cikin shekaru masu yawa. Duk saƙon da ya ayyana sa'ar da girgiza za ta zo ba shi da tushe. A daren 17 zuwa wayewar 18 ga Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, jita-jitar da ta bazu ta waya ta sa dubban mutane a sassan Ghana suka kwana a waje, kuma babu girgizar da ta auku.

Gargaɗin gaggawa wani abu ne daban. Na'urori na gano igiyoyin P bayan girgiza ta riga ta fara, sai su aika saƙo wanda ke riga igiyoyin S isa wuraren da ke nesa da cibiyar. Lokacin da ake samu daƙiƙoƙi ne kaɗan, wani lokaci har zuwa minti ɗaya, wanda ya isa mutum ya fake ko jirgin ƙasa ya rage gudu. Birnin Meziko na da irin wannan tsari tun farkon shekarun 1990, Japan ta buɗe nata ga jama'a a watan Oktoban 2007, kamfanin Google kuma ya fara amfani da wayoyin Android wajen gano jijjiga a 2020.

Atisaye

Shirin da ba a gwada ba kan ɓace wa mutum a lokacin firgici, shi ya sa ƙasashe da dama suka ware ranar atisaye. Japan na yin nata a ranar 1 ga Satumba tun 1960, don tunawa da girgizar Kanto. Meziko na yi a ranar 19 ga Satumba, ranar girgizar 1985; a shekarar 2017 wata girgiza mai maki 7.1 ta auka wa ƙasar a wannan rana, kusan sa'o'i biyu bayan an kammala atisayen. A kudancin Kalifoniya an fara atisayen ShakeOut a 2008, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, ana yin sa a watan Oktoba.

A matakin gida, atisaye bai wuce minti goma ba. Wani ya ba da alama, kowa ya durƙusa ya fake a inda yake na minti ɗaya, sannan a fita zuwa wurin haɗuwa da jakar gaggawa, a ƙirga mutane. Ana so a yi shi sau biyu a shekara, ɗaya da rana ɗaya da dare. A wuraren da girgizar ƙasa ba ta yawaita ba, kamar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, jakar gaggawa, wurin haɗuwa da tsarin sadarwa su ne dai abubuwan da iyali ke bukata a lokacin ambaliya, gobara ko ruftawar gini a damina.

Duba kuma

Girgizar ƙasa
Tsunami
Ambaliyar ruwa
Taimakon farko
Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa